Laraba a Tsafe, Alhamis a Bungudu

Akwai wani mai zane a Sabon Garin Gusau, sunansa Mas'udu. Abin da zan ba ku ya faru ne tsakanin 1976 da 1977, lokacin da aka buɗe karatun firamare kyauta, yara suka cika azuzuwa har wasu na zama a ƙasa, wasu a bakin taga.

Mas'udu ɗan tela ne. Tun yana ƙarami yake zane a daɓen shagon babansa da guntun alli, kuma Allah ya ba shi hannu. Ya yi karatun zane a Zariya, ya dawo gida da takardarsa da kuma buri guda ɗaya. Yana so ya shiga wani ɗakin shirya fim a Kaduna, inda ake haɗa finafinan da majigi ke yawo da su ƙauyuka.

Ya iya sa zane ya yi motsi. Akan zana abu ɗaya sau da yawa, kowane zane ya ɗan bambanta da wanda ya gabace shi, sai a ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya. In aka haska, sai a ga mutumin da aka zana yana tafiya.

Amma ba Kaduna aka tura shi ba. An ba shi tsohon babur, aka ce ya riƙa zagaya makarantun firamare yana koya wa yara zane. Farkon mako a cikin Gusau, Laraba a Tsafe, Alhamis a Bungudu.

Tun ranar farko ya raina aikin. Yakan ce wa matarsa Maijidda, shekara huɗu ya yi yana koyon abin da ko malamansa sun sara masa a kai, ga shi an haɗa shi da yaran da ba su san yadda ake riƙe fensir ba. Hanyar kuma ta cinye shi. Babur ɗin yakan mutu sau biyu kafin Tsafe. Yakan iso gida bayan la'asar, bayansa na ciwo, idonsa ja, ko abinci sai Maijidda ta yi ta lallashi.

Wani babba a ɗakin fim ɗin nan na Kaduna ya taɓa ganin aikinsa, ya yi masa alkawari. Ya ce suna son ɗan gajeren fim na minti biyu a kan ciwon kurkunu, wanda zai nuna wa mutane amfanin tace ruwan tafki da ƙyalle kafin a sha. In Mas'udu ya kawo zanen kafin ƙarshen watan Yuni, za su ɗauka, kuma za su duba maganar ba shi gurbi.

Minti biyu kamar ba komai ba ne, amma zane wajen ɗari shida yake ci.

Sai Mas'udu ya samo dabara. In ya shiga aji, sai ya zana buta a allo, ya ce wa yara su kwafa. Shi kuma ya koma bencin baya, ya fito da takardunsa, ya ci gaba da nasa aikin har a buga ƙararrawa. Wani makon ya zana kwano. Wani makon ya koma buta. Ba ya duba abin da suka yi, sai dai ya bi layi yana sa alamar gani da jan biro, idonsa na wani wuri.

A Bungudu ba wanda ya taɓa tambayarsa. Hedimastan makarantar, Malam Labbo, dattijo ne mai sauƙin kai, yana ganin girman duk wanda ya yi karatu mai zurfi. Shi ya zaɓa masa 'yan aji shida, ya ce su ne za su fita, gara su tafi da wani abu a hannu. Duk Alhamis sai ya sa an ajiye wa Mas'udu fura a ofis. In Malam Labbo ya wuce ta taga ya ga aji tsit, kowa ya duƙa yana zane, sai ya gyaɗa kai ya wuce, ransa fari.

A Tsafe ne abin ya sha bamban, saboda wata malama mai suna Lantana.

Malama Lantana ce ke riƙe da aji biyar. Ta haura hamsin, mijinta ya rasu, ƙafafunta sukan kumbura in ta daɗe a tsaye. Yara tamanin da ɗaya ne a ajinta. Sauran malamai in Mas'udu ya zo sukan ɗauki lokacin a matsayin hutu, su tafi inuwa. Ita ba ta fita. Takan ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗora ƙafa a kan bulo, ta zuba masa ido.

Mako biyar tana kallonsa ba ta ce komai ba. A na shida, bayan yara sun fita hutun ƙarfe tara, ta kira shi. Ya tsaya yana ɗaure jakarsa, don ya nuna mata sauri yake yi.

Ta tambaye shi abin da yake zanawa a bayan aji. Ya ce aiki ne na manya, ba abin da yaran nan za su gane ba ne. Ta murza gwiwarta.

"Malam Mas'udu, na ga ka gaji," in ji ta. "Ni ma na gaji. Shekara ashirin da huɗu ke nan ina tsaye gaban allo. Amma ɗiyan mutane ne, wasu daga nesa suke takowa da ƙafa. Ba na ce ka bar aikinka ba. Minti goma kawai ka ba su, ka nuna musu abin da ka iya, sannan ka koma ka zauna."

Abin ya yi masa zafi. A hanyar komawa Gusau yana ta saƙa amsoshin da ya kamata ya ba ta. Amma da Laraba ta zagayo, ya shiga aji ya tarar da ita a kujerarta, sai ya ga ba zai iya zana buta a gabanta ba.

Ya karɓi littafin wani yaro, ya zana 'yar kaza a kusurwar shafi, ya juya ya sake zanawa kanta ya ɗan sunkuya, ya sake juyawa. Shafi goma sha biyu. Ya ce su matso. Ya riƙe gefen littafin da babban yatsa ya saki shafukan a jere.

Kazar ta tsattsagi ƙasa.

Ajin ya kaure da ihu. Wasu suka ja da baya. Wata yarinya ta leƙa bayan littafin ta ga ko akwai wani abu a ɓoye. Malama Lantana ta taso da ƙyar, ta ce a sake mata ita ma ta gani. Ya sake. Ta koma ta zauna tana dariya ƙasa-ƙasa.

Gaskiyar magana, ba don son yaran ya ci gaba ba. Idon matar nan ne ya hana shi sakat. Minti goma ya zama ashirin, domin yaran ba sa barinsa ya zauna. Ya koya musu yadda ake farawa da ƙashin mutum, layi-layi, kafin a sa masa jiki. Ya koya musu cewa abu in zai yi sauri zanensa kaɗan ne, in zai yi a hankali zanen ya fi yawa. Duk yana yi yana duba agogo.

Yarinyar nan da ta leƙa bayan littafi sunanta Wasila, shekararta sha biyu, ba ta da yawan magana. Bayan mako uku ta kawo masa littafin lissafinta, ta miƙa ba ta ɗago kai ba. Ta zana mace tana daka a kusurwar shafuka. Taɓarya ta tashi a hankali, ta sauko da ƙarfi, har ɗankwalin matar yana motsi. Mas'udu ya saki shafukan sau uku. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, ta daina ɓata littafin lissafi. Amma mako na gaba ya kawo mata ragowar takardunsa.

Haka shekarar ta tafi. Laraba ya koyar, Alhamis ya zauna a bencin baya.

Ranar wata Laraba a farkon watan Mayu, ruwan farko ya sauka yana kan hanyar komawa daga Tsafe. Kwalta ta yi santsi. Ya zo wata kwana, tunkiya ta ratso, ya taka birki, babur ya kwashe shi ya maka a bakin kwalbati. Masu wata motar hatsi ne suka ɗauke shi zuwa Gusau.

Hannunsa na dama ya karye wuri biyu, a tsintsiyar hannu. Aka sa masa filasta tun daga yatsu har gwiwar hannu, aka ce sai bayan mako takwas a duba.

A lokacin zane ɗari biyu da arba'in ya gama. Saura mako bakwai.

Kwana goma ya yi a kwance a ɗaki yana kallon rufi. Ya gwada da hagu, layin ya fito kamar tafiyar tsutsa, ya jefar da fensirin. 'Yan dubiya suna zuwa suna cewa Allah ya kiyaye gaba, yana amsawa da ka. Maijidda ce ta gaji da ganinsa haka, wata safiya ta ajiye masa koko ta zauna a bakin gado. Ta ce ita ba ta san aikin ba, amma ai kusan shekara guda yana koya wa yara. Cikin ɗaruruwan nan ba za a rasa goma da za su taya shi ba? Shi ya faɗa, su su zana.

Ita ba ta san abin da yake yi a aji ba, shi kuwa ya sani.

Duk da haka ya shirya. Ya ce wa kansa Bungudu ta fi kusa, yaran can sun fi girma, kuma Malam Labbo ba zai hana shi komai ba. Ƙila cikin 'yan aji shida akwai mai hannu. Ya rataye hannunsa a wuya, ya shiga motar haya.

Malam Labbo ya tarbe shi da jaje, da ya ji abin da ya kawo shi kuwa sai fuskarsa ta washe. Ya ce wannan ai abin alfahari ne ga makarantar. Da kansa ya shiga aji shida, ya gaya wa yaran cewa yau za su nuna wa malaminsu abin da suka koya, aikinsu zai je har Kaduna. Ya raba sababbin takardu da ya daɗe yana ɓoyo a kabad. Ya tsaya a gefe, hannu a baya.

Mas'udu ya ce su zana mace ta duƙa a bakin tafki tana ɗibar ruwa. Zane uku: tana tsaye, ta fara duƙawa, ta duƙa.

Ba wanda ya motsa. Duk suka zuba wa allo ido, suna jira ya zana su kwafa. Ya maimaita. Wasu suka kalli juna. Can wata yarinya a layin gaba, doguwa, mai suna Saude, ta duƙa ta fara zane, saura suka bi ta. Da ya zagaya ya duba, sai ya ga buta. Layi bayan layi, buta. Wasu sun yi ta da kyau ƙwarai, har da inuwarta. Saude ta yi ƙoƙarin sa wa tata hannu da ƙafa.

Malam Labbo ya bi bayansa yana dubawa. Murmushinsa ya tafi. Ya juya ga yaran ya yi musu faɗan da ba su taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce an kawo musu gwani tun daga Gusau, kowane mako yana shan rana saboda su, har ya karye a kan hanyar aiki, su kuwa ko abu ɗaya ba su riƙe ba. Ya ce sun ba shi kunya, sun ba garinsu kunya. Saude ta kifa kai a kan benci.

A waje ya kama hannun Mas'udu na hagu da hannu biyu.

"Malam, ka yi haƙuri. Ka yi iyakar yinka. Ɗiyan nan ne kan nasu bai ɗauka ba."

Nan ne ya kamata Mas'udu ya yi magana. Amma ya dubi dattijon, ya tuna furar da ya sha ta wata takwas, sai ya ji ba zai iya ba. Ya ce ba komai, yara ne. Ya tafi tasha.

A mota ya jingina kai da taga. Hannun yana zogi, amma ba shi ne ya fi damunsa ba.

Ranar Laraba ya tafi Tsafe, ba da wani dogon zato ba. Ya gaya wa Malama Lantana halin da yake ciki, bai ɓoye mata cewa ya fara zuwa Bungudu ba. Ba ta tambaye shi yadda aka yi a can ba. Ta ce ya bari ta ga hedimasta da iyayen yara, domin damina ta kama, kowa na bukatar ɗansa a gona.

Kwana biyu ta yi tana bin gidaje da kumburarrun ƙafafunta. Ta samo yara goma sha huɗu, da sharaɗin awa biyu bayan an tashi, ban da ranar kasuwa. Ta kuma samar wa Mas'udu ɗaki a gidan ƙanenta, don kada ya riƙa jigila da karyayyen hannu.

Ba su da teburin haske irin na Zariya. Wani makanike a bakin hanya ya ba su gilashin gaban wata tsohuwar mota. Suka ɗora shi a kan bulo huɗu a bakin ƙofar aji, suka sa farantin silba a ƙasa yana maido hasken rana. In aka ɗora sabuwar takarda a kan tsohon zane, ana ganin layin ta ciki, sai yaro ya bi shi ya ɗan gusa da hannu ko ƙafa.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Makon farko rabin abin da suka yi sai da aka sake. Fuskar matar da ke cikin fim ɗin takan canza daga hannun wannan yaro zuwa na wancan, yau siririya gobe mai kumatu. Mas'udu yakan yi tsawa, yaran su yi tsuru-tsuru, Malama Lantana ta ɗago daga makin littattafai ta dube shi, sai ya sassauta. Daga baya ya raba aikin: masu yin fuska daban, masu tulu da ruwa daban, masu ƙafa daban. Yara biyu suka daina zuwa. Ruwan sama ya ci musu kwana uku.

Da aka zo wurin da mijin matar ya kamu da kurkunu yana ɗingishi, Mas'udu ya fito da zane ashirin da ya yi tun kafin ya karye, ya ce a ɗora daga nan. Wasila ta saki shafukan ta duba, ta sake dubawa, ta ajiye. Ya tambaye ta mene ne. Da ƙyar ta ce ba haka mai kurkunu yake tafiya ba.

Ransa ya ɓaci. Ya tambaye ta ko a Zariya ta koyo.

"A'a, Malam. Innata ce ke da shi, bara da bana. Ba ta taka diddige. Kuma takan tsaya ta huta kafin ta ɗaga ƙafar, don ta san abin da za ta ji."

Ta tashi ta taka a gaban aji, ta nuna. Sauran yaran suka ce haka ne, kowa na da wanda ya sani. Mas'udu ya daɗe yana kallon zanensa ashirin. Su ne mafi kyau a duk abin da ya yi. Ya tattara su da hannun hagu ya tura ƙarƙashin jaka, ya ce wa Wasila ta zauna a gilashi ta fara daga farko, shi zai ƙirga mata.

Suka gama saura kwana huɗu wa'adi ya cika. Ba ɗari shida suka kai ba, ɗari biyar da 'yan kai ne, dole ya yanke wani yanki. Malama Lantana ta naɗe takardun a cikin zanenta don kada ruwa ya taɓa su. Da zai yi mata godiya ta ɗaga hannu ta ce ya je kawai, mota ba ta jira, ita kuma kwanciya take so ta yi.

A Kaduna aka karɓi aikin. Babban nan ya tsaya a kan ɗingishin mutumin ya ce wannan wanda ya zana ya san ciwon. Mas'udu ya ce ba shi ba ne, wata 'yar aji biyar ce a Tsafe. Ya ba su sunayen yaran goma sha biyu, ya roƙa a sa a ƙarshen fim ɗin, aka sa.

A can aka cire masa filasta. Hannun ya haɗe, amma a karkace. In ya riƙe fensir minti goma sai yatsun su fara rawa. Ya zauna wata biyu ana ɗaukar fim ɗin, yana gasa hannun, yana fata. A ƙarshe babban ya kira shi ofis, ya yi masa magana mai daɗi, ya ce gurbin na mai zane ne daga safe zuwa yamma, kuma Mas'udu da kansa ya san hannunsa ba zai ɗauka ba.

Mas'udu bai yi gardama ba. Ya dawo Gusau a watan Satumba, ya koma kan aikinsa na da, sai dai yanzu a motar haya.

Alhamis ta farko ya nufi Bungudu da maganar da ya yi wata huɗu yana ɗauke da ita. Ya shiga ofishin Malam Labbo, ya ƙi zama, ya faɗa masa komai: butar, bencin baya, jan biron. Ya ce yaran ba su da laifi ko kaɗan, ba a koya musu ba ne. Ya roƙa a tara su ya faɗa a gabansu.

Malam Labbo ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. Da ya yi magana, muryarsa ba faɗa a ciki, gajiya ce kawai. Ya ce waɗanne yara? Ai sun fita tun watan Yuli. Cikin sittin da uku, tara ne suka samu wucewa gaba. Saura suna gona, wasu suna kasuwa, wasu sun bar garin. Ya ce abin da ya fi ci masa rai, har ranar sallama sai da ya sake yi musu gorin abin.

Ranar Mas'udu ya koyar da sabon aji shida a tsaye daga farko har ƙarshe, da alli a hannun hagu. Ba a kawo fura ba.

Da aka tashi ya tafi tasha. Yana zaune a benci yana jiran mota ta cika, sai ya ji an gaishe shi. Wata yarinya ce doguwa da tiren dafaffiyar gyaɗa a ka. Ta sauke tiren ta durƙusa. Sai da ta ɗago ya gane Saude ce.

Ta yi masa ya jiki, ta tambayi hannun. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce tun ranar nan take son ta gan shi.

"Malam, ka yafe mana kunyar da muka ba ka. Wallahi na so in iya. Kaina ne ba ya ja."

Mas'udu ya sauko daga bencin ya tsuguna a gabanta, mutanen tasha suna kallo. Ya ce mata kanta lafiya lau yake. Ya ce a duk ajin ita kaɗai ta yi ƙoƙarin sa wa zanenta hannu da ƙafa ba tare da an nuna mata ba, kuma ya gani a ranar, ya yi shiru. Ya ce shi ne bai koya musu komai ba, yana zaune a baya yana aikin kansa, kuma shi ya kamata ya nemi gafara.

Saude ta dube shi kamar ba ta gane ba. Ba ta taɓa jin babba ya faɗi irin wannan ba. Ta ce a'a Malam, ba komai. Sai kuma hawaye suka zubo mata, ta sa gefen mayafi ta share da sauri.

Ya ce in tana so, duk Alhamis ta zo makaranta ta zauna a ajin, zai roƙi hedimasta. Ta ɗan yi murmushi ta ce da wuya, ita ke riƙe da tallan gidan yanzu, kuma safiya ce lokacin ciniki. Direba ya buga jikin mota ya ce saura mutum ɗaya. Ta ɗebi gyaɗa cikin gwangwani ta juye masa a aljihun riga, ta ƙi karɓar komai, ta ɗora tirenta ta nufi wata motar da ta tsaya.

Ba ta taɓa zuwa ajin ba.

Mas'udu ya yi shekara goma sha tara yana zagaya makarantun nan, kuma ba a sake ganinsa a bencin baya ba. Yara da yawa sun fita ta hannunsa, wasu sun ci abinci da zane. In aka yabe shi yakan ce a bari, akwai aji guda da yake bin sa bashi har yanzu, kuma bai san inda zai same su ba.

Darasi: Duk aikin da aka damƙa maka amana ne, ko da kana ganin ka fi ƙarfinsa, ko da ka gaji. Abin da ka ba mutane shi za ka tarar ranar da ka bukace su. Kuma in ka yi kuskure, ka faɗa tun wanda ka zalunta yana gabanka, kada ka bari ya tafi yana zaton laifinsa ne, domin ba kullum ake samun damar gyarawa ba. Ku tura wa malamai da iyaye da duk wanda aka ba riƙon 'ya'yan mutane, Allah ya sa mu fita haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu.